Kujerar Wa Za A Ba Mai Tsoron Jirgi?

Tsakanin shigar fasinja na ƙarshe da rufe ƙofar jirgin sama akwai 'yan mintuna da ake yin wani ciniki wanda ba a rubuta shi a tikiti ba. Wani zai tsaya a kanka da katin shiga jirgi a hannu, ya ce, "Malam, don Allah ko za ka taimaka ka koma kujerata? Iyalina ce nan kusa da kai, tana tsoron jirgi." Ko ma'aikaciyar jirgi ta sunkuyo ta raɗa maka cewa akwai wata Hajiya a can baya da jikinta ke ɓari tun ba a tayar da inji ba, ana neman mai bar mata wuri a gaba. Layi ya tsaya, idanu sun dawo kanka, ba ka da lokacin dogon tunani. Masu cewa ka tashi suna da hujja, masu cewa ka yi zamanka suna da tasu, kuma a ganina kowane ɓangare yana raina nauyin abin da ɗayan yake ɗauke da shi.

Wanda bai taɓa jin tsoron jirgi ba yakan ɗauke shi shagwaɓa, ko ƙarancin tawakkali. Ba haka ba ne. Mai wannan lalura tun ana saura kwanaki tafiya barci yake ƙaurace masa. Da an rufe ƙofa tafin hannunsa ya jiƙe da zufa, numfashi ya riƙa sarƙewa, zuciya na dukan uku-uku, duk sanda ƙarar inji ta canza sai ya ji kamar shi ke nan. Kuma tsoron ba ya zaɓar raggo ya bar jarumi. Dennis Bergkamp, wanda ya yi wa Arsenal wasa daga 1995 zuwa 2006, ya daina hawa jirgi bayan gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Idan ƙungiyar za ta buga wasa a wata ƙasar Turai sai ya bi mota ko jirgin ƙasa, idan wurin ya yi nisa ya haƙura da wasan. Muhammad Ali, yana ɗan shekara 18, saura ƙiris ya fasa zuwa gasar Olamfik ta Roma a 1960 saboda tsoron jirgi, sai da kocinsa ya sha fama kafin ya shawo kansa, ya je ya ciyo zinare.

Kawo wa irin wannan mutum lissafi ba ya kwantar masa da hankali. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a duk shekarar 2023 babu jirgin fasinja mai injin jet ko ɗaya da ya yi haɗarin da aka rasa rai, alhali jirage sun tashi sau miliyoyi. Mai tsoro ya san wannan, wataƙila ma ya fi ka sani, domin ya kwana yana karantawa. Jikinsa ne bai yarda ba. A wajenmu kuma tsoron yana da abin jingina. Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayun 2002 ba, da jirgin EAS ya rikito kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa. Ba a manta da jirgin ADC na 29 ga Oktoban 2006 ba, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa a Abuja, ko jirgin alhazan da ya taso daga Jidda zai nufi Sakkwato a Yulin 1991 ya kama da wuta, mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya. Tsohuwar da za ta hau jirgi karon farko don sauke farali tana ɗauke da waɗannan labarai a ranta, mai yiwuwa ma a cikin mamatan akwai wanda ta sani.

To shin canza kujerar yana rage wani abu? Yana ragewa. Jirgi a sama yana lilo ne a kan tsakiyarsa, daidai wajen fukafukai, don haka idan aka shiga gargadar iska wanda ke zaune a kan fiffike ko gaba da shi kaɗan bai kai na can ƙurya jin jijjiga ba. Ƙarar inji ma a yawancin jirage ta fi yawa daga fiffike zuwa baya. Sannan tsoron iri-iri ne. Wani taga yake so, ya riƙa ganin sama da ƙasa, ya tabbatar jirgin a miƙe yake. Wani ko kallon taga ba ya iyawa, ƙunci ne ke damunsa, bakin hanya yake so inda zai ji ba a tsare shi ba. Mafi yawa kuwa ba wurin ne damuwarsu ba, mutum suke so a kusa: miji, ko 'ya, ko aminin da suka taso tare, wanda zai riƙe musu hannu lokacin tashi ya ce, wannan ƙarar da kika ji tayoyi ne suka shige ciki. Sai dai a faɗi gaskiya, kujera natsuwa take bayarwa, kariya kuwa ta bel ce. A Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa mummunar gargada a saman Myanmar, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, aka karkatar da shi zuwa Bankok. Waɗanda iska ta ɗaga ta buga da rufi su ne waɗanda ba su ɗaura bel ba.

A kan wannan natsuwar masu cewa a tashi suka kafa hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Abin da kai za ka rasa kaɗan ne: kallon gajimare, ko saurin fita idan an sauka. Abin da shi zai samu shi ne ya yi tafiya maimakon ya sha azaba. Daga Kano zuwa Legas bai fi awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ba. Wane lafiyayye ne zai ce ba zai iya jure kujerar tsakiya na wannan ɗan lokaci ba don wani ya samu numfashi? Suna ƙarawa da cewa amfanin bai tsaya ga mai tsoron kaɗai ba. Fasinjan da firgici ya kwashe bayan jirgi ya fara gangarawa yana iya miƙewa ya ce lallai sai an sauke shi. Idan matuƙi ya ga ba makawa, sai a juyo, a buɗe ƙofa, a shiga ɗakin kaya a lalubo jakarsa, domin ƙa'idar tsaro ta tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, wadda aka tsaurara bayan bam ɗin Lockerbie na 1988, ba ta yarda jaka ta tafi mai ita ya sauka ba. Jirgi guda cur ya makara ke nan, wasu sun rasa jirgin da za su canza a gaba, a kan abin da musayar kujera ɗaya za ta iya hanawa.

Mu da aka yi wa tarbiyya a kan girmama baƙo da tausaya wa mai rauni ba ma ma buƙatar wannan lissafin. Alƙur'ani a Suratul Mujadala ya umarci muminai su buɗa wa juna wuri a majalisa, ya yi alkawarin buɗi ga wanda ya yi hakan. A Suratul Hashri ya yabi mutanen Madina da suke fifita wasu a kan kansu ko da su ma suna cikin buƙata. Saurayin da ya ga sa'ar kakarsa tana makyarkyata, aka nemi taimako ya sunkuyar da kai ya ci gaba da danna waya, ko bai karya dokar kowa ba, na yi imani akwai abin da ya rasa a tarbiyyarsa.

Da a nan maganar ta tsaya da babu muhawara. Amma tikitin jirgi na yau ba irin na da ba ne. A da kuɗi ɗaya ya ƙunshi komai, kaya da abinci da wurin zaman da za a ba ka a kanta. Yanzu kamfanoni da yawa sun yanka tikitin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da kuɗinta, zaɓen kujera kuma yana cikin masu kawo riba. Wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoto a Nuwamban 2024 cewa kamfanoni biyar kacal, American da Delta da United da Frontier da Spirit, sun tara dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓen kujera tsakanin 2018 da 2023. Ke nan wanda ka tarar a bakin taga ba lallai sa'a ce ta kai shi ba. Ya buɗe manhaja tun da wuri, ya duba taswirar jirgi, ya biya. Duk wanda ya taɓa sammakon tasha ya biya kuɗin mutum biyu don ya zauna shi kaɗai a gaban mota ya san abin da zai ji idan ana shirin tashi aka ce ya koma baya.

Kuma ba a rubuta dalilin mutum a goshinsa ba. Mai ciwon suga da dattijon da fitsari ke matsa wa suna zaɓen bakin hanya don kada su riƙa tayar da mutane. Mai juna biyun da cikinta bai fito ba, da wanda likita ya gargaɗa kan daskarewar jini a jijiyar ƙafa, suna buƙatar miƙewa su ɗan taka a doguwar tafiya. Dogon mutum gwiwarsa na dukan kujerar gaba. Wanda zai canza jirgi a Adis Ababa ko Istanbul da ƙanƙanin lokaci a hannu ya zaɓi gaba don ya riga kowa fita. Babu ɗayansu da ya wajaba ya buɗe wa baƙo sirrin jikinsa a gaban jama'a kafin a yarda ya zauna inda ya saya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wanda ake roƙo ya tashi daga kan fiffike yana iya zama shi ma mai tsoron ne. Ai masu tsoron ne suka fi kowa sanin wace kujera ce ba ta jijjiga. Shi ya yi shiri, ya biya, ya haɗiye fargabarsa ya yi shiru. Idan aka tashe shi, an ɗauke azabar ne daga kan mai kuka an ɗora wa mai haƙuri.

Sai kuma alƙiblar musayar. Ka lura da yadda ake yi. Miji yana layi na 29, kujerar tsakiya kusa da makewayi. Matarsa tana layi na 9 a taga. Wanda ake roƙo shi ne maƙwabcin matar, ya bar layi na 9 ya koma na 29. Ba kasafai ake ganin matar ta je wajen maƙwabcin mijin ta ce, "Malam, ga kujerata can gaba a taga, ka je ka zauna, ni zan dawo nan" ba. Da haka ake yi da wuya a samu mai ƙi. Idan kusanci da miji ne maganin tsoron, ai a baya ma ana samunsa. Roƙon da kullum yake ƙarewa da mai roƙo a wuri mafi kyau shi ya sa matafiya da yawa suka fara zargi, kuma masu tsoro na gaskiya su ne wannan zargi yake ci.

Amma abin da ya fi damuna a wannan ɓangare shi ne kunya. A wajenmu roƙon babba ga yaro ba abu ne da ake iya mayarwa ba. Idan dattijo ya dafa kafaɗar saurayi ya ce, "Ɗana, taimaka ka bar wa gyatumarka wurin nan," saurayin "To, Baba" zai ce ya tashi, ko da ƙafarsa ciwo take, ko da da kyar ya haɗa kuɗin wurin. Budurwa ta ma fi shi. Kafin a rufe baki ta tattara jakarta. Kara ce, kuma kara abin yabo ce. Sai dai wanda ya san ba za a iya ce masa a'a ba, nauyi ne a kansa ya yi hattara da abin da yake roƙa. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa abin da aka karɓa daga hannun mutum don kunya ta hana shi ƙi bai halatta ga mai karɓa ba. Addinin da ya ce a buɗa wa juna wuri shi ne kuma ya hana a tashi mutum daga mazauninsa don wani ya zauna, kamar yadda ya zo a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Abdullahi ɗan Umar ma idan wani ya tashi da kansa ya bar masa wuri ba ya zama, malamai suka ce gudunsa kada ya zama nauyi ne ya tashi mutumin ba son ransa ba. Idan sahabi ya yi wannan taka-tsantsan a kan wurin da ba a biya masa ko sisi ba, ina ga kujerar da mutum ya saya da guminsa?

Wayar hannu ta ƙara wa kunyar nan kaifi. A Disamban 2024, a wani jirgin cikin gida a Brazil, wata mata ta ƙi bar wa wani yaro da ke kuka kujerarta ta taga. Aka ɗauke ta bidiyo ba da izininta ba, aka watsa, miliyoyin mutane suka gani, fuskarta ta zagaye duniya, daga baya ta kai ƙara kotu. Ko mutum yana ganin ya kamata ta tashi, ai tozarcin ya wuce laifin. Idan kuma roƙon ya fito daga bakin ma'aikacin jirgi, nauyinsa ya ninku, domin shi ne mai iko a ciki, fasinja kuma ba ya rarrabe roƙonsa da umarninsa. A 2017 wata kotu a birnin Ƙudus ta yanke wa kamfanin El Al hukunci a kan wata dattijuwa 'yar sama da shekara 80 da ma'aikacin jirgi ya nemi ta canza wuri saboda namijin da ke kusa da ita ba ya son zama kusa da mace. Dalilin can daban ne da namu, amma kotun ba ta ɗauki roƙon ma'aikaci a matsayin abu mara nauyi ba, ta hana shi gaba ɗaya a irin wannan yanayi.

Akwai kuma dalilan da ba su shafi son ran kowa ba. Kafin jirgi ya tashi ana lissafa nauyinsa da yadda nauyin ya rabu daga gaba zuwa baya, bisa inda aka zaunar da kowa. A babban jirgin da ya cika, mutum biyu su yi musaya ba komai ba ne. A ƙananan jirage irin ATR 72 ko Embraer 145, musamman idan ba su cika ba, mutane kaɗan su taso daga wani sashe su taru a wani yana iya ɓata lissafin matuƙi. A Janairun 2003 wani ƙaramin jirgi ƙirar Beechcraft 1900 ya faɗi a Charlotte ta Amurka daidai tashinsa, mutum 21 suka mutu. Masu bincike sun gano kuskure a gyaran wutsiyarsa, da kuma nauyi da ya yi yawa ya rinjaya baya. Ba canza kujera ne ya jawo shi ba, amma shi ne irin dalilin da ya sa ma'aikata ke cewa kowa ya zauna inda aka rubuta masa har a tashi. Layin ƙofar gaggawa kuwa, wanda a jirage da yawa yake daidai kan fiffike, wato inda mai tsoro ya fi so, shi ne wurin da bai kamata a sa shi ba. Mai zama nan ana sa ran ya buɗe ƙofa mai nauyi ya taimaki mutane su fita; dokar Amurka ta ce sai ya kai shekara 15 kuma ya amince zai iya. Da lambar kujera ake kai abinci na musamman. Da ita jami'an lafiya ke bin sawun waɗanda suka zauna kusa da mai cuta mai yaɗuwa. A kan tarin fuka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a nemi na layinsa da layi biyu gaba da biyu baya idan tafiyar ta kai awa 8. Musayar da aka yi ba da sanin ma'aikata ba tana ɓata wannan duka, komai kyawun niyya.

Wasu masu ƙin tashi sukan ari hujjar likitocin ƙwaƙwalwa, cewa tsoro yana warkewa ne idan aka fuskance shi, kuma wanda aka saba lallaɓawa da kujera ta musamman zai ɗauka kujerar ce ke tsare shi. Akwai gaskiya a ciki; shi ya sa kamfanoni irin British Airways da easyJet suke shirya kwasa-kwasai inda matuƙa da masana ke bayyana wa masu tsoro kowace ƙara da kowane motsi, sannan a hau jirgi tare da su. Amma wannan aikin wanda ya koya ne, da yardar mai lalurar. Fasinjan da ya ƙi tashi ya ce don maƙwabcinsa ya warke ne, fakewa yake yi. Gara ya ce ba ya so.

Zargin rashin shiri ma ba kowa ya hau ba. Wanda bai taɓa hawa jirgi ba ina zai san yana tsoro kafin ya ji ƙasa ta bar ƙafarsa? Da yawa daga mutanenmu ɗa ne ko ejan ya yankar musu tikiti, ba su ma san ana zaɓen kujera ba. Wani ya zaɓa ya biya, sai kamfani ya canza jirgi, ko ya soke tashin safe ya haɗe fasinjojinsa da na yamma, taswirar kujeru ta rikice, aka watsa iyalin da suka shirya zama tare. Duk wanda ya saba tafiya a jiragen cikin gida ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Wani kuwa kuɗin tikitin kansa taro da sisi aka yi aka haɗa, ƙarin kuɗin kujera ya fi ƙarfinsa. Idan aka ce natsuwa sai wanda ya iya biya, an bar talaka mai tsoro shi kaɗai a kujerar tsakiya ta can baya, ni kuwa ban ga adalci a nan ba.

Fasinjoji biyun nan da aka bari suna kallon-kallo, ɗaya na jin ana son ƙwararsa, ɗaya na jin an wulaƙanta shi, babu wanda ya ƙirƙiro matsalar a cikinsu. Kamfanin da ya karɓi kuɗin zaɓen kujera, ya raba mata da mijin da suka yanki tikiti tare, shi ya haɗa rigimar ya koma gefe. Hukumomi sun fara gane haka. Hukumar kula da jiragen sama ta Birtaniya ta buɗe bincike a 2018 kan yadda ake raba matafiyan da suka yanki tikiti tare idan ba su biya ƙari ba. Italiya a 2021 ta hana karɓar ƙarin kuɗi don a zaunar da yaro ko mai buƙata ta musamman kusa da mai raka shi. Ryanair ya ƙalubalanci dokar, ya sha kaye a babbar kotun gudanarwa ta ƙasar a 2024. Indiya a Afrilun 2024 ta umarci kamfanoninta su zaunar da yaron da bai wuce shekara 12 ba kusa da uwa ko uba. Tarayyar Turai tun 2006 take da dokar da ta ce kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa ya zaunar da mai rakiya kusa da wanda yake taimaka wa.

Duk waɗannan dokoki a kan yara da masu buƙata ta musamman suka tsaya. Mai tsoro ya faɗa tsakani: shi ba yaro ba, ba ya tafe da sanda ko keken guragu, ba shi da takardar nunawa. Kamfanoni za su ce idan aka ba mai tsoro kyauta kowa zai ce yana tsoro, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma kamfanonin nan sun saba ajiye wasu kujeru ba sa sakin su sai a filin jirgi, don masu jarirai da marasa lafiya. Abin da yawancin masu tsoro ke nema ba kujerar alfarma ba ce, kujeru biyu ne a jere a ko'ina cikin jirgin. Ribar wanda zai yi ƙarya don wannan kaɗan ce, asarar kamfani ma kaɗan ce. A jigilar alhazai abin ya ma fi sauƙi, domin hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi suna tara maniyyata a bita tun kafin tafiya, sun san waɗanda suka fito daga gari ɗaya da waɗanda ba su taɓa ganin cikin jirgi ba. A wajen bitar nan ya kamata a tambayi masu fargaba, a bayyana musu abin da za su ji lokacin tashi da sauka, a haɗa kowa da nasa tun a takarda.

Kafin a kai can, ga inda na tsaya. Mai tsoro yana da haƙƙin roƙo, kuma babu abin kunya a ciki. Amma ya fara da masu ikon gyarawa ba tare da an taɓa kowa ba: mai yankar masa tikiti, ma'aikacin kanta, na bakin ƙofar shiga, sannan ma'aikatan cikin jirgi, waɗanda su suka san inda babu kowa, kuma idan aka gaya musu sukan riƙa leƙo mutum har a sauka. Fasinja ɗan'uwansa shi ne na ƙarshe. Idan ya kai gare shi, ya miƙa mafi kyawun kujerun da ke hannunsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba a bainar jama'a ba, idan aka ce masa "Yi haƙuri" ya karɓa nan take ba tare da neman dalili ko tsaki ba. Babba kuwa ya guji zaɓen yaro ko mace don ya san su ne ba za su iya ƙi ba.

Saura yanayin da duk wannan bai yi ba. Ana gab da rufe ƙofa, jirgi ya cika, ga dattijuwa tana hawaye, 'yarta tana can baya a kujerar tsakiya, ba abin da zai haɗa su sai wurina, ni kuma lafiyata lau, kuɗin kujera kawai na biya. A nan zan ce, "Bismillah, Hajiya," in sanar da ma'aikaci, in tashi. Kuɗin da awa biyun nan zan manta da su, ita kuwa wataƙila daga wannan tafiya za ta yanke ko za ta sake hawa jirgi. Amma ba zan harari na kusa da ni don shi bai tashi ba, tunda ban san abin da ya zaunar da shi ba. Kamfanoni da yawa suna mayar da kuɗin kujera idan su ne suka tashe ka, ba sa mayarwa idan da kanka ka tashi don taimako. Wannan ƙa'idar nake so a fara gyarawa. Duk sanda ma'aikacin jirgi ya nemi fasinja ya bar wurin da ya saya saboda mai tsoro, ya rubuta lambar kujerar a rahotonsa, kamfani ya mayar wa mai ita kuɗinsa ba sai ya bi su da waya ba.